Digiri na Biyu a Fannin Gudanar da Harkokin Gwamnati da Matsayinsa a Aikin Gwamnatin Nijeriya

Digiri na biyu a fannin gudanar da harkokin gwamnati, wanda ma'aikata suka fi sani da MPA, karatu ne da aka tsara domin wanda zai riƙe ofis, ya tsara kasafin kuɗi, ya shugabanci ma'aikata, ya kuma juya manufar gwamnati ta zama aikin da talaka zai gani da idonsa. Jami'o'in Nijeriya kan raba shi da takwaransa M.Sc., wanda ya fi karkata ga bincike, kuma shi ne hanyar mai son digiri na uku ko koyarwa a jami'a. Yawancin masu neman MPA mutane ne da suka riga suka kama aiki: jami'an mulki a ma'aikatu, ma'aikatan ƙananan hukumomi, jami'an kwastan da 'yan sanda, har da likitoci da injiniyoyin da girma ya kai su kujerar shugabanci. Darajar digirin a wurinsu ta rataya ne a kan yadda tsarin aiki ke kallonsa, kuma wannan alaƙa tsakanin takarda da kujera ta fi rauni a yau fiye da yadda take a lokacin da aka soma irin wannan horo a ƙasar.

Asalin fannin

Masana kan danganta tsayuwar fannin da ƙafarsa ga maƙalar da Woodrow Wilson ya wallafa a Amurka a 1887, inda ya nemi a nazarci gudanar da aikin gwamnati daban da siyasa. A 1924 Makarantar Maxwell ta Jami'ar Syracuse ta soma horar da ɗalibai a wannan fanni a matakin gaba da digiri na farko, daga nan salon ya bazu. Faransa ta bi wata hanya dabam. A 1945 ta kafa makarantar horar da manyan ma'aikata ta ƙasa, wato ENA, wadda ake shiga ta hanyar gasar jarrabawa, wanda ya fito kuma kujera na jiransa. A 2022 aka maye gurbinta da wata sabuwar cibiya, amma ƙasashen da Faransa ta raina, ciki har da Jamhuriyar Nijar mai irin wannan makaranta a Yamai, sun gaji tunanin cewa makarantar mulki ƙofa ce ta shiga aiki. Ingila kuwa ta daɗe tana ɗaukar mai kowane irin digiri, ko tarihi ya karanta ko adabi, ta bar shi ya koyi aiki a ƙarƙashin na gaba da shi.

Nijeriya ta gaji tsarin aikin Ingila, sannan bayan 'yancin kai ta aro digirin Amurka ta ɗora a kai. Daga nan matsalar ta samo tushe. Tsarin da ya yarda cewa ana koyon mulki ne a kan tebur bai tanadar wa mai MPA wani gurbi na musamman ba, ita kuma jami'ar da ke ba da digirin ba ta da ta cewa a kan inda za a tura ɗalibinta.

Zamanin Kongo

A Arewa tarihin wannan horo ya faro ne daga Zariya. A 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna, wadda a 1954 ta zama Cibiyar Nazarin Harkokin Mulki da ke Kongo. Lokacin ya zo daidai da manufar gwamnatin Jihar Arewa ta cike guraben aiki da 'yan Arewa, don haka cibiyar ta zama masaƙar ma'aikata. A nan aka horar da 'yan ƙasa da za su gaji Turawa a muƙamin Di'o, a nan ma'ajin En'e da magatakarda suka koyi riƙon littafin baitulmali, a nan kuma aka yi wa alƙalai kwas a kan dokar Final Kot da ta soma aiki a 1960. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai cibiyar ta shiga ƙarƙashinta, ta kuma samu taimakon malamai daga Jami'ar Pittsburgh ta Amurka. A Yamma ma Jami'ar Ife ta kafa tata cibiyar a farkon shekarun 1960, wadda Adebayo Adedeji ya taɓa shugabanta.

Abin lura a horon wancan zamani shi ne gwamnati ce ke zaɓen ɗalibi, ita ke biya, ita kuma ta san kujerar da zai hau idan ya dawo. Malaman da yawansu tsofaffin ma'aikata ne da suka yi rangadi, suka karɓi haraji da jangali, suka sasanta rikicin gona. Takardar da ɗalibi ke fitowa da ita ba ta kai digiri ba sau da yawa, amma tana da mazauni a tsarin aiki. Ba a cewa zamanin ba shi da aibi: horo ne na masu kula da doka da oda da tara haraji, talaka kuma a cikinsa abin mulka ne. Sai dai ta fuskar haɗa karatu da aiki, har yau ba a sake ƙulla zumunci irin wannan ba.

Hukumar Udoji ta sake duba tsarin aikin gwamnati, wadda ta yi aiki daga 1972 zuwa 1974, ta ba da shawarar a mayar da hankali kan sakamakon aiki da horar da ma'aikata, ita ce kuma ta kawo matakan albashi 17 da ake amfani da su har yanzu. Abin da jama'a suka riƙe daga gare ta shi ne ƙarin albashi da bashin da aka biya, har kalmar Udoji ta zama sunan kuɗin da ya faɗo ba zato. A 1973 aka kafa kwalejin horar da manyan ma'aikata ta ASCON da ke Topo, Badagry, a 1979 kuma Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Ƙasa da ke Kuru kusa da Jos. Waɗannan biyun, musamman Kuru da ake shiga ta hanyar zaɓen hukuma, su ne suka gaji alaƙa ta kai tsaye da kujerun sama. Jami'o'i kuma aka bar su da digirin da kowa zai nema da kansa.

Shiga da yanayin karatu

Sharuɗɗan shiga sun ɗan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma ginshiƙinsu ɗaya ne: digiri na farko mai daraja ta biyu, da takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa. Mai babbar difloma ta HND, da wanda digirinsa ya gaza, da wanda ya fito daga fannin da ba shi da alaƙa da mulki, galibi sai sun fara da diflomar gaba da digiri, wato PGD. Ana yin karatun a jami'o'i da dama, ciki har da ta Ahmadu Bello, da ta Bayero a Kano, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri, da kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa da aka farfaɗo da ita a 2002. Kwasa-kwasan sun haɗa da nazariyyar gudanarwa, kula da ma'aikata, kuɗin gwamnati da kasafi, nazarin manufofi, dokar gudanarwa, mulkin ƙananan hukumomi, da dabarun bincike, sannan a rufe da kundi.

Ƙa'idojin aikin gwamnati sun tanadi hutun ƙaro karatu, mai albashi da maras albashi, wanda aka biya masa kuma kan sa hannu a yarjejeniyar zai dawo ya yi wa hukumarsa aiki na wasu shekaru. Amma mafi yawan ɗalibai ba ta wannan ƙofa suke shiga ba. Karatun ƙarshen mako suke yi da kuɗin aljihunsu. Ma'aikaci zai tashi daga ofis ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya kama hanyar garin da jami'a take, ya zauna a aji da yamma, ya wuni Asabar yana kwafar darasi, ya koma gida Lahadi da tarin takardun hoto a leda. Wani lokaci maigidansa a ofis bai ma san yana karatun ba, sai ranar da ya kawo takardar shaida a saka masa a fayil. Irin wannan ɗalibi yana da abin da jami'a ba ta da shi, wato sanin yadda aiki ke tafiya a zahiri, amma ba kasafai tsarin darasi ke tambayarsa abin da ya sani ba.

Abin da takardar ke yi a fayil

A tsarin aikin gwamnatin tarayya, mai digiri na farko kan shiga a mataki na 08, mai digiri na biyu kuma a mataki na 09. Wannan ita ce riba mafi bayyana, kuma ta sabon shiga ce. Wanda ya riga ya haura wannan mataki, digirin ba ya ɗaga shi kai tsaye. Ƙarin girma yana bin shekaru: uku-uku daga mataki na 07 zuwa na 14, huɗu-huɗu daga na 15 zuwa na 17, tare da jarrabawa, da rahoton ƙwazo, da samuwar gurbi. A matakan sama ana kuma la'akari da rabon muƙamai tsakanin jihohi, kamar yadda sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada. Mataimakin darakta mai MPA da wanda ba shi da digirin ɗaki ɗaya suke zama, tambayoyi ɗaya suke amsawa, mafi yawansu a kan ƙa'idojin aiki da dokokin kuɗi.

Akwai kuma lissafin shekaru. Ana yin ritaya ne idan mutum ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Tun 2009 aka shigo da wa'adin shekara takwas ga darakta, da shekara huɗu ga babban sakatare wanda za a iya sabuntawa sau ɗaya. An dakatar da tsarin a 2016, daga baya aka maido da shi. Don haka lokacin da aka yi karatun yana da muhimmanci. Wanda ya yi shi bayan shekara biyar zuwa goma da kama aiki ya riga ya ga isassun matsalolin da zai kai aji, yana kuma da sauran shekaru ashirin na amfani da abin da ya koya. Wanda ya jira sai ya kusa ajiye aiki, galibi guzurin bayan ritaya yake nema, ko na shiga siyasa ko na aikin ba da shawara ga ƙungiyoyin raya ƙasa, kuma wannan ba laifi ba ne, sai dai gwamnati ba ta ci moriyarsa ba.

Wani rukuni da ke tururuwa zuwa wannan karatu shi ne masu HND, waɗanda suka daɗe suna tokarewa a mataki na 14 saboda layin aikin da aka ɗora su a kai. A wurinsu PGD da MPA tsani ne na neman sauya layi. Wannan buƙata ta gaskiya ce, amma tana nuna yadda digirin ya koma maganin wata cuta ta tsarin albashi.

Sauye-sauyen tsarin aiki ma sun shafi darajar ƙwarewa. Sallamar ma'aikata kimanin 10,000 da gwamnatin Murtala Muhammed ta yi a 1975 ta girgiza tabbacin da ma'aikaci ke da shi na kujerarsa. Gyaran 1988 ya so kowane ma'aikaci ya zauna a ma'aikata guda ya ƙware a kanta, ya kuma mayar da babban sakatare darakta-janar mai tafiya tare da gwamnatin da ta naɗa shi. Kwamitin Ayida na 1994 ya ba da shawarar a warware yawancin wannan, aka koma tsarin da. A yau jami'in mulki yana ƙarƙashin ofishin shugaban ma'aikata, wanda zai iya tura shi ma'aikatar lafiya bana, ya mayar da shi ta sufuri bayan shekara biyu. Wanda ya rubuta kundinsa a kan kuɗin kiwon lafiya ba shi da tabbacin zai sake ganin fayil ɗin asibiti.

Darasi da tebur

Ɗalibin MPA kan haddace siffofin tsarin ofis da Max Weber ya zayyana: matakan iko, rubutacciyar ƙa'ida, ɗaukar aiki bisa cancanta, da raba kujera da mai zama a kanta. Ranar Litinin kuma ya koma ofis ya tarar da wani abu dabam. Takardar neman gyaran rufin makarantar firamare ta iso rajista, an buga mata hatimi, an nemo fayil, masinja ya kai wa babban sakatare. Shi ya rubuta layi ɗaya ya tura wa darakta, darakta ya tura wa mataimakinsa, har ta sauko kan ƙaramin jami'in da zai zauna ya rubuta bayani. Daga nan ta sake hawa matakala ɗaya bayan ɗaya. Idan an amince, sai a duba ko akwai kuɗin a kasafi, idan akwai ko an sake su, idan an sake su ko adadin ya kai wanda sai kwamitin ba da kwangila ya zauna. Kafin a gama, damina ta sauka. Babu wanda ya karya doka a wannan tafiya, kowa ya yi abin da ƙa'ida ta ce, yara kuma suna karatu a gindin bishiya. Darasin da zai amfani wannan jami'i shi ne wanda zai sa shi ya ƙirga kwanakin da fayil ya yi a kowane tebur, ya gano wane sa hannu ne doka ta wajabta, wane ne kuma al'ada kawai ta ɗora.

Dokokin da ke tafiyar da aikin yau da kullum sun canza ƙwarai tun daga 2004: dokar fansho ta wannan shekara, da tsarin SERVICOM na kyautata hulɗa da jama'a, da dokar sayen kayan gwamnati da ta kula da kashe kuɗi, dukansu na 2007, da tsarin biyan albashi na IPPIS, da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, da asusun bai-ɗaya na TSA da aka tilasta a 2015. Rahoton kwamitin Oronsaye na 2012, wanda ya ƙirga hukumomin gwamnatin tarayya 541 ya nemi a rage su, shi kaɗai ya isa a shafe zangon karatu ana tattauna dalilin da ya sa aiwatar da shi ya gagara shekara da shekaru. Kyakkyawan shirin MPA ana gane shi ne da yawan irin waɗannan takardu a hannun ɗalibai, da yawan aikin rubuta memo da karanta jadawalin kasafi da ake ba su. Rubuta memo mai shafi ɗaya da zai sa kwamishina ya fahimci zaɓin da ke gabansa da kuɗin kowanne, gwaninta ce da ta fi haddar sunayen masana wuya.

Wannan ba ya nufin nazariyya ba ta da amfani. Maƙalar Peter Ekeh ta 1975 ta bayyana cewa ɗan Afirka na rayuwa a fagen jama'a guda biyu: na dangi da gari, inda yake jin nauyin amana, da na gwamnati, wanda ya gada daga mulkin mallaka kuma yake ganin ba na kowa ba ne. Duk ma'aikacin da ɗan'uwa ya taɓa zuwa masa da takardun ɗansa yana cewa a taimaka, ya san abin da Ekeh ke nufi ba tare da an fassara masa ba. Fred Riggs ma ya yi bayanin al'ummar da dokar zamani ke rubuce a takarda, aiki kuma na tafiya bisa wata ƙa'idar da ba a rubuta ba. Irin wannan karatu yana ba jami'i sunan abin da yake fama da shi. Littattafan Augustus Adebayo da Ladipo Adamolekun na farkon shekarun 1980 sun yi ƙoƙarin dasa fannin a ƙasar Nijeriya.

Abin da ba a cika shigarwa a manhaja ba shi ne gadon rubutun mulki na wannan yanki. Al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a kan wajiban sarki tun ƙarni na 15. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta Kitabul Farƙ, Abdullahin Gwandu ya rubuta Diya'ul Hukkam, Muhammadu Bello kuma Usulus Siyasa, kuma cikin abubuwan da suka tattauna akwai zaɓen ma'aikata, da tsaron baitulmali, da hana karɓar gaisuwa, da sauraron kukan talaka. Mahmud Tukur, wanda ya taɓa shugabantar cibiyar Kongo, ya yi nazari mai zurfi a kan waɗannan ƙimomi da dangantakarsu da mulkin zamani. Darasin ɗa'ar aiki da aka gina a kan kalmar amana zai fi shiga zuciyar ɗalibi a Sakkwato ko Katsina fiye da wanda aka kwafo daga littafin wata ƙasa.

Ƙananan hukumomi da kundin bincike

Inda aka fi buƙatar ƙwararren jami'in mulki shi ne inda ya fi ƙaranci. Gyaran 1976 ya ɗinke tsarin ƙananan hukumomi ya zama iri ɗaya a duk ƙasa, bayansa kuma aka ɗora wa jami'o'in Zariya da Ife da Nsukka nauyin horar da ma'aikatansu. A yau akwai ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai tana da 44, Katsina 34, Jigawa 27. Kowacce tana da daraktan mulki da ma'aji da shugabannin sassa, su ne kuma ke kusa da kasuwa da asibitin sha-ka-tafi da rijiyar burtsatse. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Duk yadda aiwatar da hukuncin ya kasance, kuɗin da ya sauka a sakatariya yana buƙatar wanda ya iya tsara kasafi, ya bi ƙa'idar kwangila, ya ajiye lissafin da mai binciken kuɗi zai karɓa. Akwai kuma batun harshe: fayil da Turanci ake rubuta shi, amma taron masu unguwanni da dagatai da Hausa ake yinsa, ko da Fulfulde ko Kanuri. Jami'in da ba zai iya bayyana wa manomi kasafin ƙaramar hukumarsa da harshen da yake ji ba, rabin aikinsa ya rage, kuma da wuya a samu kwas ɗin da ke gwada wannan.

Kundin bincike shi ne wurin da ya fi sauƙin haɗa jami'a da ofis, shi ne kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Kanun da aka saba gani shi ne tasirin horo ko ƙarfafa gwiwa a kan ƙwazon ma'aikata, a raba takardun tambayoyi ga abokan aiki, a fitar da kaso cikin ɗari, a ɗaure da baƙin bango a ajiye a kanta. Alhali ɗalibin yana zaune a kan bayanan da baƙon mai bincike zai sha wuya kafin ya samu: rasiɗan harajin kasuwa na shekara biyar, rajistar shige da ficen fayil, jerin 'yan fanshon da ke jiran garatuti da ranar da kowanne ya ajiye aiki. Cikas ɗin shi ne rantsuwar riƙe sirri da ma'aikaci ya yi, da dokar sirrin gwamnati ta 1962 da har yanzu ake tsoro duk da zuwan dokar 2011. Hanyar da ta fi dacewa ita ce ma'aikatar da ɗalibi ya fito ta amince da kan binciken tun farko a rubuce, ta ba da izinin amfani da takardun da ba na sirri ba, a kuma gayyaci wani babban jami'inta ya zauna tare da malamai ranar kare kundin, sannan a aika kwafi ɗaya zuwa sashen tsare-tsare da bincike da ƙididdiga, wanda gyaran 1988 ya wajabta wa kowace ma'aikata ta kafa.